Yadda nake yi wa Mama girki tun da aka ce tana da ciwon suga

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara huɗu kenan da likita ya tabbatar mana Mama na da ciwon suga, kuma ni ce mai girkinta a nan gidanmu Tudun Wadar Kaduna, shi yasa duk sanda naji ana cewa mai suga shikenan ya rabu da abinci mai daɗi sai abun ya dame ni, dan wallahi ba haka bane. Mama har yau tana cin tuwo. Girman malmalar ne ya canza, da abun da ke gefenta a faranti.

Ku fara da gane abun da ke faruwa a jikin, in ba haka ba duk dokar da aka kafa muku zaku ga kamar takura ce kawai. Shinkafa, masara, dawa, gero, doya, dankali, biredi, taliya, duk in sun shiga ciki suga suke komawa ko da kuwa ba ƙwayar sukari ɗaya a ciki, sai su bi jini. Akwai wata 'yar gaɓa a bayan tumbi da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke fitar da insulin. Ni yadda na fahimtar da Mama shine, sugan nan kamar kaya ne da mota ta sauke a bakin kasuwa, insulin kuma shine ɗan dako mai kwashe su ya kai cikin shaguna, wato naman jiki inda ake buƙatarsu dan samun ƙarfi. A irin ciwon da yafi kama manya, 'yan dakon sun yi kaɗan ko kuma shagunan basa buɗewa da wuri, sai kaya su taru a kan hanya. To kun ga in aka sauke tirela guda lokaci ɗaya dole hanya ta toshe, amma in a-kori-kura ce ke kawowa kaɗan kaɗan za'a iya kwashewa. Da sugan jini ya haura wajen 180 a mashin ɗin gwaji sai ƙoda ta fara zubar da shi ta fitsari, shi kuma yana jan ruwa, daga nan yawan fitsarin dare da ƙishirwar da bata ƙarewa suke fitowa, ga rama ga kasala, ga gani dishi-dishi. Mama sai da ta kai tana tashi sau biyar shida a dare kafin muka je asibiti.

Abu na farko da zan ce ku saya, tun kafin kuje neman wani abinci na musamman, shine ɗan mashin ɗin gwajin suga, ana samu a manyan kemis, da littafi na rubutu. A wanke hannu da sabulu a goge ya bushe kafin a soka, dan in an taɓa lemo ko dabino lambar zata fito sama da gaskiya, kuma a gefen yatsa ake sokawa ba tsakiya ba, yafi sauƙin zafi. Robar tsinkayen gwajin da ake ɗiga wa jini a rufe ta ruf bayan an ɗauki ɗaya, kar a bar ta a rana ko cikin mota.

Lambobin kuma ga su. Gwajin safe kafin a ci komai, bayan awa 8 ba abinci: ƙasa da 100 lafiya lau, daga 100 zuwa 125 an fara kusantowa, 126 zuwa sama in aka maimaita aka sake samu to ciwon ne, amma gwajin asibiti ne ke yanke wannan hukunci. Wanda yake da ciwon kuma yawanci ana so ya zauna tsakanin 80 da 130 kafin abinci, ƙasa da 180 bayan awa biyu da fara ci, sai dai in likitansa ya bashi wata iyaka daban. Wani mashin ɗin zaku ga yana nuna 7.0 ko 5.6, kar ku ruɗe, ma'auni ne daban, ku ninka da 18, 7.0 ita ce 126.

Ga inda littafin ke aiki. Ki gwada kafin abinci, ki rubuta me aka ci da yawansa, ki sake gwadawa bayan awa biyu. Sati biyu zuwa uku kina haka zaki san jikin mutuminki fiye da yadda wani zai gaya miki. Mu da farko kowa cewa yake a koma tuwon alkama, muka sayi garin muka daina komai, Mama na cin malmala biyu hankali kwance tunda ance magani ne. Ranar da na gwada bayan awa biyu naga 260 jikina yayi sanyi. Washegari na tuƙa tuwon dawa, malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunta, da miyar kuɓewa ɗanya mai yawa da kifi, sai ga 165. Tun ranar na gane alkama ma hatsi ce kamar sauran, haka acca da ake kawowa daga kudancin Kaduna, abinci ne mai kyau kuma muna ci, amma in aka cika kwano zata ɗaga suga ita ma.

Yanzu ga yadda nake zuba mata. Faranti ɗaya madaidaici, rabinsa ganye ne, kwata nama ko kifi ko ƙwai ko awara, kwatan ƙarshe shine tuwo ko shinkafa ko doya. Kuma ganyen take fara ci, dan yana rage gudun da suga ke shiga jini. Mu a Kaduna ai Allah ya hore mana ganye, kuje Bakin Dogo da safe ku gani, alayyahu, zogale, rama, yakuwa, kabeji, gurji, yalo, kuma sun fi naman kaza araha nesa ba kusa ba. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa kusan kullum sai an yi a gidanmu, sai dai ni bana sa sukari a kwaɗo, kuma ina ɗanɗana ƙulin kafin na saya dan wasu suna zuba masa zaƙi. Faten tsaki ma na juya shi, tsakin ludayi kaɗan, rama da yakuwa da alayyahu su rinjaye shi, a saka gyaɗa da wake. In shinkafa da wake ne to waken yafi shinkafar yawa. Alale ma abokin tafiya ne. Ɗan wake kam a lura, sunan wake gare shi amma galibi da garin rogo ko fulawa ake haɗa shi.

Karin safe ne yafi bani wahala gaskiya. Mama ta saba da koko mai zafi kofi babba, ko shayi mai kauri da biredi. Koko an niƙa an tace, ba dusa a ciki, shi yasa yake shiga jini da gudu ko ba sukari. Ranar farko da na miƙa mata ƙaramin kofi ta kalle ni tace, "Ke 'yar nan, da wannan zan wuni?" Nace, "Mama kiyi haƙuri ki haɗa da alalen nan da ƙwai, in kin ji yunwa kafin azahar akwai gyaɗa." Sai da muka kai kusan wata guda kafin ta saba, amma yanzu da kanta take cewa tafi jin ƙarfi haka.

Abun sha kuwa a nan ne ba sassauci. Coca-Cola na da wajen giram 10.6 na sukari a kowane mililita 100, kenan roba ɗaya ta 50cl ta haura giram 50, wajen cokalin shayi 13, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa tayi babba mai lafiya ma ya tsaya ƙasa da wajen giram 50 a wuni gaba ɗaya, in ya iya 25 yafi. Lemon malt da ake kaiwa marasa lafiya dubiya shima sukari ne cike, dan Allah in zaku je duba mai suga ku kai ƙwai ko kifi ko gwaiba. Zuma ma tana ɗaga suga, kar a ce tunda daga Allah take sai a kwankwaɗa. Zoɓo nake mata da citta da kanumfari ba zaƙi, in fura ce nono mai yawa ba sukari da gutsuren fura. Kayan marmari a ci su yadda suke, lemo ɗaya ko gwaiba ko yankan kankana, ba a matse ruwan lemo biyar a kofi ba. Lokacin mangwaro rabin ƙarami take sha bayan abinci. Rake mun ajiye shi. Gishiri da magi da mai suma na rage, dan hawan jini da suga sukan zo tare.

Bayan abincin dare bama barin ta ta kwanta nan take, minti goma zuwa sha biyar take zagaya tsakar gida, wani lokaci har bakin layi da jikokinta, naman jiki in yana motsi yana janye suga daga jini. Abun da ake so shine minti 150 a sati, wato minti 30 sau biyar, mai hali yaje Murtala Square da sassafe, mara hali tsakar gida ta wadatar.

Akwai abun da ba'a cika faɗa ba, suga yana faɗuwa ƙasa, kuma shi yafi saurin haɗari, musamman ga mai allurar insulin ko ƙwayar glibenclamide. Wata rana mun je gaisuwar rasuwa Rigasa, Mama ta sha maganinta amma abincin rana ya wuce mu, wajen la'asar sai naga gumi na keto mata hannunta na rawa tana magana ba kan gado, na gwada naga 58. Duk abun da ya sauka ƙasa da 70 ba'a jira. A dama sukari cokalin shayi huɗu a ruwa ko a bada rabin kofin lemon kwalba, a jira minti 15 a sake gwadawa, in bai hau ba a maimaita, in ya hau a bi da abinci. In mutum ya suma kar a ɗura masa komai a baki, asibiti kai tsaye. Tun ranar jakata bata rabuwa da ƙullin sukari, kuma bama tsallake abinci da sunan rage suga.

Maganin asibiti kuma kar a ajiye shi dan lambobi sun yi kyau ko dan wani mai lasifika yace nasa na warkarwa cikin sati biyu, abinci da magani tare suke aiki. In azumi ya gabato a ga likita tun a Sha'aban ya gyara lokutan shan magani, in ana cikin azumi aka ga ƙasa da 70 ko sama da 300 a karya, Allah ya yi wa mara lafiya rangwame. Akwai gwajin HbA1c da ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, yawanci ana so ya zama ƙasa da 7, ku tambaya a asibiti, Barau Dikko ne ko Yusuf Ɗantsoho ko duk inda kuke ganin likita, kuma ku tafi da littafinku. Ido a duba shi sau ɗaya a shekara ko ba ya ciwo, ga Asibitin Ido nan a garinmu.

Sai ƙafa. Suga in ya daɗe a sama yana kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya taka ƙusa bai ji ba. Kullum bayan isha'i nakan ɗora ƙafar Mama a cinyata na haska da tocilan ɗin waya, na duba tsakanin yatsu da dunduniya, na shafa man kaɗanya a faso amma ban da tsakanin yatsun. Bata yawo ba takalmi ko a tsakar gida, da hunturu kuma ni ke taɓa ruwan alwalarta da gwiwar hannu kafin ta zuba, kuma kaskon wuta nesa da ƙafarta yake zama. In kuka ga ko ɗan ƙaramin ciwo ne, ko wurin ya canza kala ko yana ɗumi, kar a tsaya sa toka ko jiran gobe, a kai asibiti a ranar.