Darasi na 7: Hawan Jini

Zuciya ce ke tura jini cikin jijiyoyi zuwa ko'ina a jiki. Idan jijiyoyin suka ƙuntata ko suka yi tauri, sai jinin ya riƙa bin su da ƙarfin da ya wuce kima. Wannan shi ne hawan jini.

Za ka ji mutum na cewa, "Ni kaina ba ya ciwo, ba na jiri, lafiyata ƙalau." Ba ta nan ake gane shi ba. Mutum zai yi shekaru da shi yana harkarsa a kasuwar Sabon Gari bai sani ba, sai ranar da ɓarin jikinsa ya shanye ko ƙodarsa ta gaza. Awo ne kaɗai ke nuna shi.

Ma'aikacin lafiya zai ɗaura maka abin awo a dantse, ya rubuta lamba biyu, misali 120/80. Ta sama ƙarfin jini ne lokacin da zuciya ta buga, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. 120/80 lafiya lau ne. Idan an auna ka a ranaku biyu dabam-dabam aka samu 140/90 ko sama da haka, hawan jini ne. Kafin awo ka zauna ka huta minti 5. Ana yin awon a asibitin unguwa, da Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, da Asibitin Koyarwa na Shika.

Sai batun gishiri, wanda ya fi shafar uwargida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato kimanin cokalin shayi ɗaya. Lissafin ya haɗa da na dunƙulen magi da yajin tsire da kilishi. A rage magi, a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa. Kanwa ma dangin gishiri ce. Tun wajen 1970 zuwa 1980 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka lura ciwon zuciya ya yi yawa ga masu jego a Zariya, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya kan gado mai wuta. Mai ciki kuwa kada ta yi wasa da zuwa awo, domin hawan jini na kawo jijjiga.

A yi tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana 5 a mako. A bar taba, a rage goro.

Wanda likita ya ɗora kan magani ya sha kullum, ko da awo ya sauka. Maganin ne ya saukar da shi; in ka daina, zai sake hawa. Lokacin azumi ka tambayi likita yadda za ka sauya lokacin sha. Idan baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya mutu, a tafi asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Aikin gida: je ka yi awo a wannan makon. Rubuta kwanan wata da lambobin biyu a littafinka, ka zo da shi aji mu karanta tare.