Yadda za ka kalli zanen yaron nan mai hamma na Munkácsy har ka gane inda dariyar take

Da farko ka nemo hoton a waya, rubuta sunan mai zanen, Mihály Munkácsy ɗan ƙasar Hangari, ka haɗa da sunan zanen Ásító inas, wanda da yaren Hangari yake nufin yaron shago mai hamma. Zanen fentin mai ne na 1869. Idan ya buɗe don Allah kar ka yi saurin zumin, bar shi yadda yake ka tsaya kamar minti ɗaya.

Abin da zai fara kama maka ido bakin ne, yaro ya tashi daga barci ya wangale baki yana miƙa, ga shimfiɗa a hargitse, kana gani ka san barcin bai ishe shi ba kuma aiki na jiransa. Ni dai duk sanda na kalla sai na yi hamma, gwada ka gani.

To daga nan sai ka nemi inda haske ya sauka. Farar rigarsa da fuskarsa su ne suka fito, sauran ɗakin duhu-duhu, haka mai zanen ya ja idonka inda yake so ba tare da ka sani ba. Amma fa duhun zanen mutumin nan ba duka ne da gangan ba, ya riƙa shimfiɗa wani fenti mai kwalta a ƙasan ayyukansa da yawa, shi kuma abin yana ƙara baƙi da tsufa.

Yanzu sai ka koma kan rayuwarsa, nan ne dariyar take canza ɗanɗano. An haife shi a 1844 a garin Munkács, wanda yanzu yake cikin Yukren, daga sunan garin ma ya ɗauko nasa. Iyayensa suka rasu yana ƙarami, kawunsa ya ɗauke shi aka kai shi koyon kafinta a garin Békéscsaba na Hangari, ya sha wahala da yunwa sosai a hannun maigida kafin ya samu hanyar koyon zane a Biyana ta ƙasar Ostiriya da kuma Munik da Duseldof na Jamus. Kenan tashin asuban nan da ya zana ba labari aka ba shi ba, ya san shi a jikinsa. Sake kallon fuskar yaron da wannan a ranka.

Sai ka buɗe zanensa na fursunan da ke jiran kisa, wanda ya ci lambar zinare a baje kolin Paris a 1870, ka ajiye su gefe da gefe, hannu ɗaya ne duhu ɗaya ne amma can babu wasa ko kaɗan. Daga nan ya koma Paris da zama ya yi suna ya yi kuɗi, ya rasu a 1900 a wani asibiti kusa da Bon a Jamus. In Allah ya kai ka Budapest, babban birnin Hangari, ayyukansa da yawa suna gidan adana zane na ƙasa da ke fadar Buda.