Kurakuran da aka fi yi wajen rage hanyoyi ba tare da ɓata nisa ba

Ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Kumasi sukan gamu da wannan matsala: an ba ka mahaɗai da hanyoyin da ke tsakaninsu, kowace hanya da nauyinta, wato tsawo ko kuɗin shimfiɗa ta, ana so ka zubar da mafi yawansu ba tare da nisan kowane wuri biyu ya ninka fiye da sau t ba, inda t lamba ce da aka ƙayyade tun farko. Abin da ya rage shi ake kira sifana.

Babban kuskure shi ne a ɗauka cewa bishiya mafi ƙarancin nauyi, wato hanyoyin da ke haɗa dukkan mahaɗai ba tare da zagaye ba kuma jimillar nauyinsu ta fi ƙanƙanta, irin wadda dabarar Kruskal ta 1956 take fitarwa, ta wadatar. Tana haɗa ko'ina da arha, amma ba ruwanta da nisa. A ce za a ja wayar intanet ta zagaye gidaje 100 a unguwar Aboabo ta Kumasi, tazarar mita 10 tsakanin kowane gida da na kusa da shi. Bishiyar za ta cire layi ɗaya kawai, sai maƙwabta biyu da katanga ta raba su koma nisan mita 990. Amfanin bishiyar shi ne ta zama ma'auni, a raba nauyin sifana da nata don a san tsadarsa.

Wasu kuma yawan hanyoyi suke ƙirgawa su manta da nauyi, alhali dogayen layuka kaɗan suna iya cinye kuɗin aikin gaba ɗaya.

Dabarar da Althöfer da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 tana magance duka biyun, nisa da nauyi, in an bi ta daidai. A jera hanyoyi daga mafi sauƙi zuwa mafi nauyi, sannan a karɓi hanya idan nisan da ke tsakanin bakinta biyu ya wuce nauyinta sau t. Nan ake yawan tuntuɓe, domin a cikin sifanan da ake ginawa ake auna nisan. Wanda ya auna a taswirar asali ba zai karɓi hanya ko ɗaya ba, tunda a can nisan ba ya wuce nauyin hanyar kanta. Tsallake jerawa kuwa, ko da nisa ya tsira, nauyi ne yake lalacewa.

Wajen tantancewa, ba sai an gwada kowane wuri biyu ba. Hanyoyin da aka zubar kawai za a duba, domin idan kowace tana da madadin da bai wuce ninki t ba, doguwar tafiya ma ba za ta wuce ba.