Shawara ga masu niyyar biyan kuɗin abinci tun daga gida a Disneyland Paris

Assalamu alaikum ƴan uwa na Maraɗi. Otel-otel ɗin Disneyland Paris a Faransa suna sayar wa baƙinsu tsarin abinci da ake biya tun kafin tafiya, ko karin kumallo kaɗai, ko karin kumallo da ci ɗaya, ko kuma ci uku a yini. Ga mai kwana biyu ko uku tsarin yana da daɗi, amma idan zaman zai kai mako ko fiye, a ganina a yi lissafi da natsuwa.

Ana biyan kuɗin ne gwargwadon dararen da aka kama ɗaki, alhali a dogon hutu ba a rasa ranakun da za a shiga birnin Paris ko a je gaida dangi, kuma abincin waɗannan ranaku an riga an biya shi. Abin da ya fi nauyi a wurinmu kuwa shi ne halal: a tambayi otel a rubuce kafin a biya, domin idan iyali za su ƙare a kan kifi da kayan lambu, to an sayi naman da ba za a ci ba.

A juya farashin zuwa sefa, tunda yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, sannan a ninka da yawan mutane da na darare. Ni dai na fi son a tsaya a kan karin kumallo kaɗai, a riƙa sayo sauran a kantin Auchan na cibiyar kasuwanci ta Val d'Europe, tasha ɗaya daga Disneyland a jirgin ƙasa na RER A.