Yadda za ka auna gwamna mai sassaucin ra'ayi idan ya ce shugabancin ƙasa yake so

Da zarar zaɓe ya ƙarato sai ka ji ana cewa gwamna wane ba shi da abokin faɗa, Musulmi da Kirista duk nasa ne, shi ya dace da Najeriya. Ni idan aka kawo mini wannan zance, daliget nake fara ƙirgawa, halin mutum ya biyo baya.

Ka tambaya: gwamnoni nawa ne za su tara daliget ɗinsu a masauki su ce musu ga wanda za ku yi? Malam Umaru Musa 'Yar'adua ya yi shekara takwas a Katsina ba a jin hayaniyarsa, har kadarorinsa ya bayyana a fili. Amma tikitin PDP na Disamban 2006, Obasanjo ne ya tsaya masa, irin su Peter Odili suka janye, ga kuma tsofaffin mutanen yayan Umaru, wato Shehu 'Yar'adua, na ƙungiyar siyasa ta PDM. Sanyin nasa ya yi rana ta wata fuskar, domin manya sun fi sakin jiki da wanda suke ganin ba zai juya musu baya ba. Aminu Waziri Tambuwal kuwa, gwamnan Sakkwato na lokacin, wanda ake yabo da iya zama da kowa, a daren fitar da gwani na PDP a Mayun 2022 fitowa ya yi gaban taro ya ce wa mutanensa su zaɓi Atiku. Atiku ya samu ƙuri'u 371, Wike, gwamnan Ribas na lokacin, 237.

Sai aljihu. A 2022 fom kaɗai naira miliyan 100 ne a APC, miliyan 40 a PDP. Ka bincika wa zai ɗauki sauran hidimar.

Ka kuma duba ko zagayen karɓa-karɓa yana ɓangarensa, Arewa ko Kudu. In ba nasu ba ne, kada ka ɓata yawunka.

Daga nan ka ɗauko takarda ka jera jihohi 36 da Abuja. Sashe na 134 na tsarin mulki yana neman mafi yawan ƙuri'u, da kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na jihohin. A nan ne mai sassauci yake da riba, tunda ba a gudunsa a Binuwai ko Kuros Riba. Amma rashin ƙi daban, fitowa layi a rana daban. Kwankwaso, da yake da masu bin sa rai da rai, Kano kawai ya ci a 2023. Kowace jiha ka rubuta sunan wanda zai tsare masa akwati, inda ba ka samu suna ba ka sa sifili.