Yadda Ake Shirya Guntun Ƙarfe Kafin Awo a Na'urar ICP-MS

Ƙannena da kuka fara aiki a ɗakunan gwaji na Jubail da Yanbu a Saudiyya, na'urar ICP-MS, wadda ke auna adadin sinadaran da ke cikin samfuri, tana gano dalma ko arsenik ko da kashi ɗaya cikin biliyan ne, don haka ƙurar yatsa ma tana iya ɓata aikin yini guda.

Da farko sa safar hannu, ka goge guntun da asetan don cire maiƙo, sannan ka auna giram 0.1.

Zuba shi a kwalbar Teflon, wato wata irin roba mai jure asid. Ni ban yarda da gilashi ba a nan, domin yakan saki boron cikin ruwan. A cikin akwatin zuƙe hayaƙi, ƙara asid haidirokolorik kashi 3 da naitirik kashi 1. Za ka ga kumfa ta taso da jan hayaƙi. Don Allah kada ka kai fuska. Ɗumama a hankali har ya narke tas.

Idan ya huce, cika da tataccen ruwa zuwa mililita 100, ka ɗebi kaɗan ka sake sirkawa ninki goma. Ɗiga ruwan indiyam, wani ƙarfe da ake sawa don lura da ko awon na'urar ya kauce, daidai wa daida a kowace kwalba.

Haɗa wata kwalbar da asid kaɗai, ba guntun ƙarfen, don a gane abin da ba daga guntun ya fito ba. Ita za ka fara ba na'urar, sai ruwan daidaita awo (wanda aka riga aka san adadin sinadaran da ke cikinsa), sannan samfurinka.