Yadda ake dasa haidiranjiya mai ganyen ok a lambun gida

Haidiranjiya mai ganyen ok (wato mai ganye irin na itacen oak na ƙasashen sanyi), wadda masana tsirrai ke kira Hydrangea quercifolia, 'yar asalin kudu maso gabashin Amurka ce. A dazuzzukan jihohin Alabama da Jojiya da Tenesi da Misisipi da arewacin Fulorida take fitowa da kanta, a gangaren rafuka, ƙarƙashin manyan itatuwa. William Bartram, masanin tsirrai ɗan Filadelfiya, ya ci karo da ita a yawonsa na shekarun 1770, kuma a 1999 jihar Alabama ta ayyana ta a matsayin furen dajinta. Ganyenta faffaɗa ne mai yatsu, kusan fasalin ganyen kuɓewa. Furenta fari ne, yana fitowa a dunƙule, faɗi a ƙasa tsini a sama, tsawon santimita 15 zuwa 30, sannan ya rikiɗe ruwan hoda, daga baya ya koma ruwan ƙasa. Da kaka ganyen ya yi ja jawur ko ruwan goro, da hunturu kuma ɓawon reshen ya riƙa saɓulewa yana nuna launin kirfa.

Shuka ce ta ƙasar sanyi, tana zubar da ganye ta yi barcin hunturu kafin ta sake toho. Saboda haka wannan bayani ya fi amfanar mai gida a Amurka ko Turai. Zafin Kano ko Sakkwato ba nata ba ne.

Abu biyu ke cutar da ita a hannun masu lambu: ruwa da ya kwanta a saiwa, da almakashi a lokacin da bai dace ba. Sauran aikin mai sauƙi ne.

Fara da zaɓen iri, domin girmansu ya bambanta ƙwarai. Alice da Snow Queen da Snowflake manya ne, sukan kai mita biyu ko fiye, a tsaye da a faɗi. Snowflake furenta ninki ne, yana daɗewa, amma nauyinsa kan sunkuyar da reshe. In filinka ƙarami ne, nemi Pee Wee, ko Ruby Slippers da Munchkin, waɗanda gandun itatuwa na ƙasar Amurka ya fitar, ba sa wuce mita ɗaya da kaɗan. Na fi son mutum ya sayi ƙarama tun farko da ya sayi babba ya riƙa datse ta kowace shekara don ta shiga wurin da bai ishe ta ba. Kada kuma kamanninta a tukunyar masu sayarwa ya sa ka fasa: ba ta jin daɗin tukunya, takan yi kamar ta rame, sai ta shiga ƙasa take cika.

Sai wuri. Nemi inda rana ke bugawa da safe har zuwa hantsi, inuwa ta rufe daga azahar. A jihohin kudancin Amurka masu zafi inuwar yamma dole ce, in ba haka ba bakin ganye ya ƙone. A jihohin arewacin Amurka, ko a Ingila, tana ɗaukar rana fiye da haka. Inuwa mai duhu ba ta kashe ta, sai dai fure ya ragu, jan ganyen kaka kuma ya dusashe.

Kafin ka dasa, gwada ƙasar, kada ka tsallake wannan. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa, ka bar shi. In ruwan ya tsotse cikin 'yan awoyi, wurin ya yi. In ka dawo washegari ka tarar da shi kwance, ƙasar yumɓu ce mai riƙe ruwa, kuma a nan saiwar wannan shuka ke ruɓewa. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, mai ruɓaɓɓiyar saiwa takan yi yaushi kamar mai ƙishirwa, sai a ƙara mata ruwa, a ƙarasa ta. Mafita ita ce ka canza wuri, ko ka tara ƙasa ka yi tudu na santimita 20 zuwa 30 ka dasa a kansa. Ta fi son ƙasa mai ɗan tsami, mai ruɓaɓɓen ganye da yawa. Amma tsamin ƙasa ba ya canza launin furenta zuwa shuɗi kamar yadda yake yi wa 'yar'uwarta mai manyan ganye ta Japan, don haka kada ka kashe kuɗi a kan sinadarin rina fure.

Lokacin dashe shi ne Satumba zuwa Oktoba, ko Maris zuwa Afrilu bayan ƙanƙara ta saki ƙasa. Ramin ya ninka faɗin tukunyar sau biyu ko uku, amma zurfinsa kada ya wuce nata. Zare shukar a hankali, in saiwoyin sun nannaɗe ka warware su da yatsa. Ajiye ta yadda saman ƙasar tukunya zai yi daidai da na lambu, ko ya ɗan fi shi tudu. Mayar da ƙasar da ka haƙa bayan ka gauraya ta da ruɓaɓɓen taki kaɗan, ka danna da hannu, ka ba ta ruwa sosai. In fiye da ɗaya ce, bar tazarar mita biyu tsakanin manya, mita ɗaya da 'yan kai tsakanin ƙanana.

Daga nan shimfiɗa busasshen ganye ko ɓawon itace kewaye da ita, kaurin santimita 5 zuwa 8, amma kada ya taɓa gindin. A shekarar farko da ta biyu ka riƙa sa yatsa cikin ƙasa: in ka ji bushewa, ka shayar da ita sosai a gindi, sannan ka ƙyale ta har ƙasar ta sake shan iska. Da zarar ta kafu, ta fi sauran danginta jure fari. Taki ba ta buƙatar da yawa, ruɓaɓɓen ganye sau ɗaya a shekara ya isa. Takin zamani mai yawa ganye yake kawowa, ba fure ba.

Yanzu batun datsa. Wannan shuka a kan tsohon reshe take fure. Wato ƙwayar furen da za ka gani a watan Yunin baɗi, tun ƙarshen zafin bana ta ƙulla shi a kan reshen, ya kwana a can duk hunturu. Wanda ya ɗauki almakashi a Nuwamba ko Maris ya gyara mata kai, furen shekara guda ya zubar, sai ya zauna yana mamakin ganye ba fure. In har za ka datse, yi shi da zarar furen ya fara dusashewa, a cikin Yuli, kada ka kai tsakiyar Agusta. Ka rage reshen da ya yi tsawo har zuwa inda ganye biyu suka fito, in ta tsufa kuma ka cire ɗaya ko biyu daga tsofaffin rassan tun daga gindi. Mataccen reshe kam a cire shi kowane lokaci. A ganina, shekara uku na farko ma kada ƙarfe ya taɓa ta. Busasshen furen a bar shi, ba ya cutar da komai.

Barewa na cin tohonta da hunturu, don haka a unguwannin bakin daji a kewaye ƙaramar shuka da raga. Ganyenta da furenta kuma suna da guba ga kare da kyanwa da doki, a kula da abin da suke tauna.

In kana son ƙari ba tare da saye ba, akwai hanya biyu. Tana fitar da 'ya'ya daga saiwa a gefenta. A farkon Maris ka yanke ɗaya da shebur tare da saiwarsa ka dasa. Ko kuma ka lanƙwasa wani reshe na ƙasa, ka ɗan kankare ɓawon inda zai taɓa ƙasa, ka binne wurin ka danne da dutse, kan reshen yana waje. Bayan kamar shekara guda zai yi saiwarsa, sai ka raba shi da uwar ka kai shi inda ka riga ka gwada ƙasar.